Su ma an taɓa ce musu su tattara su tafi

Daren Asabar ɗin da ta wuce muna zaune a teburin mai shayinmu nan Agege, wuta babu kamar kullum sai kukan janareto ta ko ina, ana ta musun ƙwallo, sai ga wata jif ta maƙale a goslo daidai gabanmu. Gilashin baya a ɗan sauke, wani ɗan Chana ne a ciki yana ta latsa waya. Kafin kace me yaran layi sun yi masa caa, "Chinko! Chinko! chin chon chan!" har da masu jan gefen ido da yatsa. Mutumin ko ɗago kai bai yi ba, gilashinsa kawai ya ɗaga. Mu kuma muka kwashe da dariya, ban cire kaina ba, nima na dara. Wani abokina da yake saida caja da iyafis a Computer Village yace ai mutanen nan sun gama da mu, su ne masu kamfani su ne dillalai su ne kuma masu saida ɗaiɗai, yace wallahi da shi ke da iko gobe-goben nan zai loda su a jirgi su koma garinsu.

Duk abin nan Kawu na gefe kan bencinsa yana kurɓar shayinsa mara madara, bai ce uffan ba. Ba wai ƙanin mahaifiyata bane, kowa a layin haka yake kiransa, tsoho ne mai faifan goro da ya girmi iyayen da yawanmu. Sai da dariyar ta lafa yace, "Kai yaro, ka taɓa ɗaukar tabarmarka da tukunyar uwarka a ka saboda an ce ƙasar ba taku bace?" Abokina yace a'a Kawu. Yace "to ni na taɓa." Ashe a zangon Kumasi aka haife shi, yana ɗan matashi a ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da bashi da takardar zama sati biyu ya bar Gana, aka lodo su a manyan motoci, shi da bai taɓa ganin Najeriya ba aka ce masa ya koma gida. Iya abinda ya faɗa kenan ya ci gaba da shan shayinsa, wajen yayi tsit har sai da mai shayi ya ƙaro rediyo.

Maganar ta tsaya min a rai. Dama ni akwai ni da tone-tonen tarihi in data ta samu, kuma na taɓa karanta yadda ƴan Chana suka fara shiga Amurka, to sai na koma kai, kwana uku ina bi. Wallahi wani wurin in ka cire sunan garin sai ka rantse labarin wani ɗan Arewa ne da ya diro daga saman tirelar tumatir a Mile 12 da ƴar jakarsa.

A watan Janairun 1848 aka tsinci zinare a Kalifoniya, labari ya zaga duniya har ya kai kudancin Chana, lardin Guangdong. Ku riƙe sunan lardin nan, cikinsa Guangzhou take, Gwanzu ɗin nan da ƴan kasuwarmu ke zuwa saro kaya, zan dawo kansa. A lokacin ƙasar tasu a hargitse take, Ingila ta ci su da yaƙi a 1842 akan cinikin ƙwayar maye ta opiyom, ga haraji ga yunwa, ga kuma yaƙin basasar Taiping da ya taso wajen 1850 wanda ya ci miliyoyin rayuka. Sai samarin ƙauye suka fara cin bashin kuɗin jirgin ruwa suna tsallaka teku. Sunan da suka sa wa Kalifoniya a yarensu ma kaɗai ya ishe ka, Gam Saan, wato Dutsen Zinare, kamar dai yadda ake zuga yaro a ƙauye cewa a Legas kuɗi a ƙasa ake tsinta. Kuma ba da niyyar zama suka tafi ba, ci-rani ne sak, a je a tara a dawo a biya bashi a gina ɗaki a yi aure. A 1852 kaɗai kusan mutum 20,000 suka sauka.

Da farko ba a damu da su ba, ramukan da Turawa suka gama yashewa suka watsar su suke bi suna tankaɗe ƙasar da haƙuri, kuma suna samu. Samun nan shi ya jawo musu. A 1852 ɗin aka sa harajin dala 3 duk wata akan baƙin masu haƙa, a takarda kowane baƙo ne amma masu karɓar harajin sun san ƙofar da suke ƙwanƙwasawa. Sai kuma abin da yafi wannan muni a 1854. Wani Bature George Hall ya kashe wani mai haƙa Ling Sing, ƴan Chana suka ba da shaida aka yanke masa hukuncin kisa, ya ɗaukaka ƙara, babbar kotun Kalifoniya tace ai shaidar ɗan Chana akan farar fata bata karɓuwa, dama akwai doka irin wannan akan baƙar fata da jajayen Indiyawan ƙasar, sai aka cusa su a ciki. Aka soke hukuncin. Kaga daga ranar an sanar da kowane ɗan iska cewa in dai ba farar fata a wajen to ka yi abinda kaga dama.

Inda yafi taɓa ni shine aikin layin dogo, wataƙila don kullum ina tsallaka na Agege ne. Amurka na son haɗa gabas da yamma da jirgin ƙasa, kamfanin Central Pacific shi ya taso daga Sakaramento ta yamma, kuma gabansa duwatsun Sierra Nevada ne, dutse na gaske ba irin tudun da muke kira dutse ba. Leburori Turawa basa zama, da an kai su sai su zame su nufi haƙar azurfa. A 1865 aka ce bari a gwada ƴan Chana ƴan kaɗan, shugaban leburorin ma da farko ƙi yayi wai sun cika ƙanana ba zasu iya ba. Kafin a gama aikin sun haura mutum 10,000, cikin kowane leburori goma na kamfanin takwas zuwa tara su ne. Su suka huda ramuka 15 cikin dutse da guduma da albarushi, wata rana a wuni a kwana ana sara ba a ci gaban da ya kai kamu ɗaya ba, da hunturu ƙanƙara ta rufe sansani ruf su haƙa hanya ta ƙarƙashinta su tafi aiki, wani lokacin ta zaftaro ta tafi da mutane sai ta narke ake ganin gawa. Duk da haka albashinsu bai kai na Bature ba, kuma Bature kamfani ke ciyar da shi ya bashi makwanci, su kuwa daga aljihunsu. Sai suka riƙa haɗa kuɗi rukuni-rukuni da kukunsu, shinkafa da busasshen kifi da ganye, kuma shayi suke sha wuni guda, ruwan da aka tafasa, shi yasa ciwon ciki bai kwantar da su kamar sauran da ke ɗiba daga rafi ba. Da na karanta wajen nan sai da nayi murmushi, nace ashe mai shayi tsohon likita ne.

A watan Yunin 1867 dubbansu suka ajiye guduma suka ce a daidaita musu albashi a rage awanni. Babu zage-zage babu ƙone-ƙone, zama kawai suka yi a tantinsu. Charles Crocker, ɗaya daga cikin masu kamfanin, bai tsaya wani ciniki ba, hanyar kawo abinci ya toshe, kuma a saman dutse suke ba kasuwa ba gari. Kwana takwas yunwa ta maida su bakin aiki. Bayan shekara biyu, ranar 28 ga Afrilun 1869, mutanen nan tare da wasu ƴan Ailan takwas masu ɗaga ƙarfe suka shimfiɗa mil 10 na dogo a yini ɗaya, kilomita 16 kenan, ya fi daga nan Agege zuwa Oshodi, da hannu fa. Ranar 10 ga Mayu aka haɗa layin biyu a Promontory cikin Utah, aka buga ƙusar zinare, aka ɗauki hoton nan da ya shahara, injin biyu sun haɗa goshi mutane sun hau kai ana miƙa kwalba. Ka zuba ido a hoton ka nemo fuskokin waɗanda suka huda dutsen. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Aiki ya ƙare, dubban mutane suka bazu neman abin yi, wasu gona wasu masana'antar takalmi da sigari, da yawa kuma wanki da guga saboda shi ne sana'ar da ba a cika yi musu kishi ba kuma jarinta kaɗan ne. Sai tattalin arziki ya karye a 1873, aiki yayi wuya, kuma kun san in tuwo ya ƙare a gida idon kowa kan baƙo yake komawa. Wani mai suna Denis Kearney ya taso a San Faransisko wajen 1877 yana tara marasa aiki a fili yana zuba musu jawabi, kuma duk jawabin da zai yi da magana ɗaya yake rufewa, dole ƴan Chana su tafi. Abin dariyar, shi kansa Kearney a Ailan aka haife shi, jirgi ne ya kawo shi kamar yadda ya kawo su. Nan fa na tuna jakar da kowannenmu ke da ita a ƙarƙashin gado, gana-mas-go. A 1983 lokacin Shagari da kuɗin mai ya faɗi mu ma mun kori baƙi, ƴan Gana kaɗai wajen miliyan guda, har jakar da suka zuba kayansu ta samu suna. Su sun kori su Kawu a 1969, mu mun rama bayan shekara 14, kuma na tabbata waɗanda aka loda a motocin ba su ne suka kori kowa ba.

To ga wajen da nake so ƴan uwana na Legas su karanta a hankali. Hukumar San Faransisko ta ƙware wajen yin dokar da ba zaka ga sunan kowa a cikinta ba amma kowa ya san wa aka ɗinka wa rigar. A 1870 aka hana tafiya a gefen titi da kaya rataye a sanda bisa kafaɗa. Waye ke ɗaukar kaya haka? ɗan Chana mai tallan ganye da mai kai wanki, kamar dai ɗan garuwanmu na da mai sanda da garwa biyu. A shekarar aka sake yin wata, wai duk ɗakin kwana dole kowane mutum ya samu iska mai faɗin kaza, alhali an san su ne ke cunkushe goma-goma a ɗaki saboda ba mai basu haya a wata unguwa. Aka riƙa kamo su da daddare, su kuma suka ƙi biyan tara suka ce a kai su gidan yari, gidan yarin ya cika har shi ma ya karya dokar iskar. Da hukuma taga haka sai ta fito da wata, duk wanda aka ɗaure za a aske masa kai. Su kuma a lokacin doguwar kitsatstsiyar jelar gashin nan dole ce a ƙasarsu ƙarƙashin sarakunan Qing, yanke ta wulaƙanci ne babba. Wani Ho Ah Kow da aka aske ya kai ƙarar shugaban ƴan sandan yankin, kuma a 1879 yaci shari'ar.

Ba sai na faɗa muku abinda ya zo min a rai ba. An hana okada a wasu sassan Legas a Fabrairun 2020, aka sake tsanantawa a Yunin 2022, mun ga babura an tara ana niƙawa. Ƙanina na cikin waɗanda nasu ya tafi, bashi ne ma bai gama biya ba. Ni ba zan yi ƙarya ba, hatsari gaskiya ne, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin masu karaya a asibiti ya sani, kuma yaranmu da yawa basu san hannun titi ba, wan-we suke bi kamar gonar babansu, ba kuma ƴan Arewa kaɗai dokar ta ci ba. Saboda haka bance abu ɗaya bane da na San Faransisko. Amma sanda ake ta muhawarar na karanta abinda mutane ke rubutawa a Facebook da Twitter, kuma ba maganar hatsari da yawansu suke ba, maganar aboki suke, sun cika mana gari, ƙazamai ne, ba a san daga ina suke ba, su koma jiharsu. Kusan kalma da kalma abinda aka faɗa wa mai wankin San Faransisko kenan. Kai har kalmar ma, abokin da muke kiran masoyi da ita an juya ta ta koma abin da in an jefe ka da ita sai kaji wani iri.

Mai wankin da nake nufi shine na shari'ar Yick Wo. A 1880 aka ce ba mai yin wanki a ginin katako sai da izinin hukuma, wai saboda gobara. Magana mai kyau ko? To gidajen wanki wajen 320 ne a garin, kusan 310 na katako ne saboda garin ma kusan duk katako ne. Ƴan Chana wajen 200 suka nemi izini aka watsa musu ƙasa a ido, sauran da ba ƴan Chana ba kusan duk aka basu. Shi wannan bawan Allah ya shekara 22 yana wankinsa a wajen, masu duba gobara ma sun ce wajensa lafiya lau, ya ci gaba da aikinsa, aka ci shi tarar dala 10 yaƙi biya aka kulle shi. Magana ta tafi har kotun ƙolin Amurka, a 1886 tace ko da doka a rubuce tana da kyau, in wajen aiki da ita ana zaɓen fuska to ta saɓa wa tsarin mulki, kuma kariyar ta shafi har wanda ba ɗan ƙasa ba. Har yau ɗaliban lauya a can suna karanta shari'ar wani mai wanki da guga da ya ƙi biyan dala 10.

Amma kafin wannan nasarar babbar guduma ta riga ta sauka. A 1875 an yi dokar Page wadda da sunan hana karuwanci ta toshe wa matan Chana hanya kusan gaba ɗaya, sai unguwanninsu suka zama na gwauraye zalla, mutum ya tsufa matarsa na can ƙauye yana aika mata kuɗi da wasiƙa. Sannan ranar 6 ga Mayun 1882 shugaba Chester Arthur ya sa hannu a dokar da ta hana leburorin Chana shiga ƙasar na shekara 10, ta kuma ce wanda ke ciki ba zai taɓa zama ɗan ƙasa ba. Wannan karon ba ɓoye-ɓoye, da sunansu aka yi ta. An ci moriyar ganga kenan. A 1888 aka ƙara wata da ta fi bani haushi, waɗanda suka je gida ganin iyali da takardar izinin dawowa a hannunsu, wajen mutum 20,000, aka wayi gari aka ce takardar ta mutu. Ka ɗauka ka tafi Sallah Sakkwato ko Haɗeja ka bar shagonka da kayanka da bashin da kake bin mutane, ka dawo a tare ka a Berger a ce daga nan ba ka wucewa har abada.

Jini ma ya zuba. A Oktoban 1871 a Los Anjalas gungun mutane wajen 500 suka afka unguwarsu suka kashe mutum 18 ko 19, yawanci ratayewa aka yi. A Rock Springs cikin Wyoming ranar 2 ga Satumban 1885 masu haƙar kwal Turawa suka kashe 28 suka ƙone unguwar ƙurmus, dalili kuwa kamfani na biyan ƴan Chana ƙasa da su kuma yana amfani da su wajen karya yajin aiki, maimakon a tunkari mai biyan sai aka huce kan wanda ake biya. An kama mutane, ba wanda aka hukunta ko ɗaya. Bayan wata biyu a Tacoma magajin gari da kansa yana cikin waɗanda suka tasa ƙeyar ƴan Chanan garin cikin ruwan sama zuwa tashar jirgi. Wanda ya ga rikicin Ketu da Mile 12 a 1999 ko na Idi Araba a 2002 ba sai an yi masa bayanin yadda irin wannan ranar take ba. Kuma kar mu yi kamar mu kaɗai aka taɓa, baƙin da ke zaune a Kano da Kaduna su ma suna da ranakun da basa son tunawa, kuma a hannun namu ne.

Abinda ya bambanta su da mu a ganina, mutanen nan basu da ƙuri'a basu da ɗan majalisa, amma sun gane kotu. Suna da ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya, kamar yadda muke da na ƴan Zamfara da ƴan Jigawa a nan, da wata uwar ƙungiya da Turawa ke kira kamfanoni shida, su ke tarbar sabon zuwa su sama masa makwanci da aiki, in ya mutu su maida ƙasusuwansa gida. Da aka yi dokar Geary a 1892 wadda tace kowane ɗan Chana ya riƙa yawo da takardar shaidar zama ko a kore shi, uwar ƙungiyar tace kar kowa yayi rijista, kowa kuma ya kawo dala 1 a ɗauki manyan lauyoyi. Sun faɗi wannan shari'ar a 1893. Amma basu daina ba, dubban ƙararraki suka shigar cikin shekarun nan, kuma a 1898 Wong Kim Ark, wani kuku da aka haifa a San Faransisko aka hana shi sauka daga jirgi da ya dawo daga ziyara, yaci tasa, kotun ƙoli tace wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne. Duk matan manyanmu da ke zuwa Amurka haihuwa don yaro ya samu fasfo, albarkacin kukun nan suke ci basu sani ba. Mu kuwa in abu ya faru sai a ruga fadar Sarkin Hausawa, a je a ba DPO haƙuri, a yi belin wanda za a iya, a ce Allah ya isa, shikenan sai wani ya sake faruwa. Kuɗin da muke tarawa a ƙungiya na biki ne da kai gawa gida. Ban raina wannan ba, amma ban taɓa zama a taron da aka ce a ware wani abu don lauya ba.

Da wayo ma sun haɗa. Girgizar ƙasar 1906 ta ƙone takardun haihuwa na San Faransisko, sai da yawa suka ce ai nan aka haife su, kuma ɗan ɗan ƙasa yana da ikon shigowa, sai aka fara saida gurbin ɗa, yaro ya haddace sunan uban da ba nasa ba da taswirar ƙauyen da bai taɓa gani ba. Hukuma ta gane, daga 1910 zuwa 1940 ana tsare su a tsibirin Angel ana musu tambayar ƙure, taga nawa ne a gidanku, matakala nawa ce a ƙofa, ina ake ajiye tulun shinkafa, a tambayi uban daban a tambayi ɗan daban, in baki ya saɓa a maida ka. Wasu sati wasu watanni wasu sama da shekara. Waƙoƙin da suka sassaƙa a jikin katakon ɗakunan suna nan har yau, sama da 200.

Sauran ƴan Asiya da suka biyo baya layi ɗaya suka bi. Japanawa sun zo rake a Hawai da gonakin Kalifoniya, da aka ga sun iya noma sai a 1913 aka hana su mallakar gona. Indiyawa, yawanci ƴan Sikh masu rawani, an fatattake su daga Bellingham a 1907, a Kanada kuma jirgin Komagata Maru ya zo Vancouver a 1914 da mutum 376 aka bar su wata biyu akan ruwa sannan aka juya da kusan dukkansu. Akwai wani wasan kwaikwayo da kotun ƙoli tayi da ya kamata ku ji. A 1922 wani Bajapane Takao Ozawa ya nemi zama ɗan ƙasa yace ai fatarsa fara ce, kotu tace a'a ba launi ake nufi ba, asalin jinsin Kokeshiya ake nufi, wato jinsin da ake sa Turawa a ciki. Bayan wata uku Bhagat Singh Thind, wanda har sojan Amurka yayi, yazo yace to madalla, masananku sun ce mu ƴan arewacin Indiya Kokeshiya ne. Kotun nan dai, alƙalin da ya rubuta na farko shi ya rubuta na biyu, tace a'a ba maganar masana ake ba, abinda mutumin kan titi ya sani da fari ake nufi. In ba a son ka ko da wace riga ka zo ba za ta yi ba. A 1942 kuma bayan harin da Japan ta kai wa Amurka a Pearl Harbor aka kwashe Japanawa wajen 120,000 aka zuba a sansanoni, kashi biyu cikin uku haifaffun ƙasar ne, sai 1988 aka basu haƙuri da dala 20,000 ga kowane mai rai. Dokar hana ƴan Chana kuwa sai 1943 aka soke ta saboda ana yaƙi tare da Chana akan Japan, kuma ko a nan mutum 105 aka yarda su shigo a shekara. Sai 1965 ƙofa ta buɗu da gaske.

Nan Afirka ma an yi. Turawan Ingila sun kawo Indiyawa yankan rake a Natal ta Afirka ta Kudu tun 1860, sun kawo wajen 32,000 aikin dogon Mombasa zuwa tafkin Victoria, jikokin masu aikin dogon nan da ƴan kasuwar da suka biyo su sune Idi Amin ya ba kwana 90 su bar Uganda a 1972.

Nace zan dawo kan Guangdong. A watan Afrilun 2020 lokacin korona, a Gwanzu ɗin nan, aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal, ƴan Najeriya suka kwana a titi da akwatunansu, mun ga bidiyon, har Femi Gbajabiamila yana kakakin majalisa ya kira jakadan Chana ya nuna masa a waya. Lardin da kakanninsu suka tashi suka je aka ce musu masu kawo cuta ne, nan ne aka ce wa namu masu kawo cuta. Kuma ina da sani da yaran da ke aiki a wasu masana'antun baƙi nan Legas da Ogun, awa goma sha biyu a tsaye, inji ya ci yatsa a sallame ka da abin da bai kai kuɗin magani ba. Saboda haka abokina mai caja ba ƙarya ya yi duka ba, kuma sanin abinda aka yi wa kakan mutum baya wanke shi in shi ma yana yi. Ni dai dariyar da nayi ce ta dame ni, don wanda ke cikin jif ɗin ban san shi ba, ban san me ya yi ba, idonsa kawai na gani, kuma da safiyar ranar wani kwandasta ya ce min aboki shift cikin irin muryar nan, na wuni ina jin haushi.

Jiya na koma teburin na basu labarin hoton Promontory da na mai wanki, mai shayi har ya bar ƙwai ya ƙone yana saurare. Abokina yace duk ya ji, Allah ya jiƙan na da, amma na yanzu cajarsu sati biyu take yi ta mutu. Aka yi dariya. Can sai yake faɗa mana ashe ejan ya kusa gama masa biza, bayan Sallah zai tafi Gwanzu da kansa ya daina saye hannun dillalai. Kowa yace Allah ya sa a dace. Kawu ya ɓare goro ya miƙa masa rabi yace, "Allah ya tsare hanya ɗana. In ka je, takardunka su zauna a jikinka, ko banɗaki zaka shiga kar ka bar su a ɗaki." Abokina yace to Kawu, ya karɓi goron da hannu biyu, sannan ya juya yace wa mai shayi a sa masa indomi biyu a rubuta a littafi.